Na Ɗiga Wa Ruwan Ɗan Baffana Yuraniyam

Assalamu alaikum Admin, barka da ƙoƙari. A ɓoye sunana. Masu zagi kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku buɗe baki, shawara na zo nema.

Ni ɗan wani ƙauye ne ta wajen Dagumawa. Ina aiki a ɗakin gwajin ruwa, inda muke da na'ura mai rarrabe ƙarafan cikin ruwa da nauyinsu, komai ƙanƙantar yuraniyam sai ta gano shi. Ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya, ya haƙa borehol a ƙofar gidansa, duk unguwa na ɗiba kyauta. Rannan mahaifiyata ta je da bokitinta, saboda wata tsohuwar rigimar iyakar gona ya kashe famfon a gaban mata ya ce, "Ɗanki mai digiri ya haƙa miki naki." Tsohuwa ta dawo da bokiti wayam tana share hawaye. Ku da za ku zage ni, da uwarku ce fa?

Kwatsam sai ga ruwan rijiyoyin yankinmu an kawo mana gwaji, har da nasa. Muna da wata 'yar kwalba mai yuraniyam da muke saita na'ura da ita. Wallahi sai na ɗiga a ruwan nasa da aka kawo gwaji. Sakamako ya fito ya haura ƙima nesa ba kusa ba, aka rufe borehol, mutane suka koma jan ruwan tsohuwar rijiya. Har yau in na tuna fuskarsa ranar sai in ji sanyi a raina, kuma kunyar faɗin hakan nake.

To matsalar, mahaifiyarsa ta rasu bara da ciwon ƙoda, kuma wani ya gaya masa yuraniyam ƙoda yake ci. Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa, sai ga shi a zaurenmu ya rame kamar ba shi ba. Ya ce, "Ƙanena, kai ka san aikin nan. Ni na shayar da Hajiya abin da ya kashe ta ko?" Na ce, "Allah ne masani, Yaya." Tun daga nan ya bar kasuwa, ya daina cin abinci, matarsa ta ce yini yake a maƙabarta yana neman gafara.

Ban yafe masa ba, kada wani ya zo min da wa'azin zumunci. Ina shi zumuncin yake ranar bokiti? Amma ni so na yi ya ji kunya, ban ce ya zauce ba. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, Inna ta rasa mai ciyar da ita. In na yi shiru, yana nan yana ɗaukar kansa makashin uwarsa, alhali ruwan nan tas yake.

Jiya ya aiko wa Inna yana roƙon ta yafe, wai Allah ne ya tsare ta da ya hana ta ruwan. Jama'a, me zan yi?