Jan Haƙoran Kaka Gumsu

Kwaciri, Fagge, Kano.

Zuwa ga Yaya Yagana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da Yaya Abdulrauf da jaririnmu. Yaya zafin Damaturu? Mu nan lafiya, sai ƙafar Inna da takan motsa.

Na rubuto ne ta hannun Malam Ari direba, domin wayar gidan nan a wajen Baba take, kuma kin san kunnen Kaka Gumsu, ba abin da ke wuce shi.

Na zo ta ɗaya a ajinmu, kuma an ce ni zan karanta jawabin ɗalibai ranar raba kyaututtuka. Tun da aka faɗa mini nake ta bitar jawabin. Kaka kuwa har ta fito da lafayarta mai ruwan goro ta turara ta.

Amma wani abu ya faru. Makon jiya hadari ya haɗo, sai Kaka ta hau keke napep ta kawo mini lema makaranta. Da ta hango ni ta yi dariyar nan tata, haƙoranta jajir da furen taba da goro. Wata 'yar ajinmu, Ikhlas, ta ɗaga murya tana tambaya wai jinin wa kakata ta sha. Duk aka fashe da dariya. Yaya, lemar kawai na karɓa. Kaka ta ji sarai. Har muka iso gida gefen mayafinta yana kan bakinta.

Tun ranar ba ta taɓa fure ba. Gwangwaninta na fure ma ta ba maƙwabciyarmu. Kullum tana bayan ɗaki da gawayi da gishiri tana dirzar haƙora. In na yi magana sai ta ce in je in yi karatuna.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Ni'ima.

Zuwa ga Yaya Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fatan mura ta saki jariri. Na ga saƙonki da turaren wuta, Allah ya saka da alheri.

Kin ce in lallashe ta. Na gwada, ban iya ba. Ashe ta kira ƙawata Comfort a ɓoye, wadda babanta ke da kemis a Sabon Gari, ta ce ta kawo mata maganin da ke sa haƙori fari. Da Comfort ta leƙa bakin ta ga dasashi duk ya fashe, sai ta ce gara a ga likita. Ranar Asabar muka raka ta wajen wani Dakta Cyprian. Mutumin kirki ne, Mama yake ce mata. Ya ce launin da ya shekara hamsin ya riga ya shiga ciki, ta haƙura. Kaka ta ce masa ba nasiha ta zo saya ba, ya kankare abin da zai kankaru.

Yanzu ba su zama fari ba, kuma jan ya tafi. Sun koma kamar tsohon kofin shayi. Ruwan sanyi ma ba ta iya sha. Ta duba madubi sau ɗaya, ta naɗe lafayar ta mayar cikin akwati. Ta ce ba za ta je taron ba, addu'arta za ta iske ni daga gida.

Jiya ina matsa mata ƙafa take ba ni labarin cewa a garinsu budurwa mai farin haƙori ana ɗauka ba ta da mai kula da ita ne. Mahaifiyarta ce ta fara goga mata fure da hannunta. Wai mijinta, marigayi Kaka Dabo, dariyarta ya fara gani kafin ya san sunanta. Ta ƙare da cewa ita ba ta so a riƙa nuna ni saboda ita.

Gidan ya yi shiru, Yaya. Ban san dariyarta ce ke cika shi ba. In ba ta cikin rumfar taron, ban ga wanda zan karanta wa jawabin ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ni'ima.

Zuwa ga Yaya Yagana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ku duka. Kada ki yi mini dariya sai kin kai ƙarshe.

Ni da Comfort mun zaga kasuwar Sabon Gari har muka samu wata tsohuwa mai sayar da fure a layin masu kayan ƙamshi. Da safiyar ranar taro na tauna goro na goga furen. Ɗaci kamar me, har kaina ya juya. Na shiga ɗakin Kaka da kayan makaranta, na tsaya na buɗe mata haƙora.

Ta dube ni. Sai ta fara faɗa, wai ni sakarya ce, wa ya ce mini har leɓe ake shafawa, na zama kamar akuyar da ta faɗa a manja. Ta zaunar da ni, ta goge mini baki da gefen zaninta, ta gyara mini da yatsarta a hankali, haƙori bayan haƙori. Da ta gama ta ce wa Inna a miƙo mata akwati.

A wajen taro ina buɗe baki aka fara dariya daga baya. Amma na karanta har ƙarshe. Kafin a fara tafi na ji guɗar Kaka, tana tsaye a tsakiyar iyaye, bakinta a buɗe, mayafin yana kafaɗa.

Shugabar makaranta ta tambaye ni ko faɗuwa na yi. Ikhlas ta sa mini sabon suna, kuma yana mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Nawa jan ya fara fita.

Kaka ta aika an karɓo gwangwaninta, tana jiran dasashin ya warke. Ta ce in gaya miki in za ku zo da salla ki taho mata da furen can, wai na Kano ba ya kamawa.

Ki sumbaci jariri. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ni'ima.