Baba Ya Ɗaga Biyu Kamar Ɗaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma hawa bene tana shanya, Auta kuma ta gama jarrabawa, tana nan tana cika mana kunne.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don waya ba za ta ɗauke ta ba. Ka san yadda ka bar shi bayan shanyewar ɓarin jikin nan: hannun hagu a dunƙule kan cinya, ido a bango. Ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti ya riƙa matsawa, wurgi ya yi da ita, wai tela da ya tsufa da almakashi a hannu ba za a mayar da shi ɗan goye ba. To, likitar da ke masa gashin ƙashi ta gano halinsa. Rannan sai ta zaro karta daga aljihu, ta juya katin sama ta nuna masa, ta kife shi, ta cusa shi tsakiya, sai ga shi ya sake bayyana a sama. Baba ya ce lallai sai ta faɗa masa yadda aka yi. Ta ce ba wani sihiri, rufa-ido ne kawai. Kati biyu ake ɗagawa a manne kamar ɗaya, a nuna fuskar na ƙasan, a kife su, sai a cusa na saman a tsakiya, wanda aka gani kuwa yana nan bai motsa ba. Amma ta ce ƙaramin yatsan hagu ne ke riƙe 'yar ƙofar da ke raba biyun da saura, kuma ba ta jin nasa zai iya. Ka dai san Baba da a ce ba zai iya ba.

Umma ta so ta hana, ta ce karta ba za ta kwana mata a ɗaki ba, sai da ya rantse mata ba caca ba ce, magani ne. Yaya, na ga wahala. Katunan su zube, in tsince, su sake zubewa. Wata rana na same shi yana share ido da hannun riga, na yi kamar na zo ɗaukar tsintsiya. Da yatsan ya fara riƙewa kuma sai wata matsalar ta ɓullo: duk wanda ya yi wa sai ya gane. Umma ce ta warware masa. Ta ce ita ko katin ba ta kallo, fuskarsa take kallo, don da zarar zai ɗaga biyu sai ya ɗauke numfashi ya cije leɓe kamar mai zura zare a allura. Ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, washegari kuma ya sa na jingina masa madubi a kan tebur. Tun daga nan ya riƙa juya ɗaya, ya juya biyu, yana hira yana tsokanar Auta, har sai da juyin ya zama iri ɗaya.

Makon jiya muka koma asibiti. Ɗakin gashi cike da masu jiran layi, ya ce wa likitar ya zo da aikin gida. Ta ce ya fara juya ɗaya tukuna ta ga yadda hannun ke tafiya. Ya juya yana tambayarta lafiyar yara. Ta ce madalla, to yanzu ya gwada biyun. Sai Baba ya murza yatsunsa a hankali, katin da ke hannunsa ya rabu biyu, ashe tun farko biyun ya ɗaga. Likita ta dafe kai, ɗakin ya kaure da dariya da tafi, wani tsoho da ke kan keken guragu ya ce shi ma a koya masa. Ni kam kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Don haka shawarar da ka kawo ta a saki shagon, Baba ya ce in gaya maka ka ajiye ta. Jiya da kansa ya saka maɓallan rigarsa, ya sa na raka shi shagon, ya buɗe ƙofar, ya zuba wa keken ɗinkin mai. Bai yi ɗinki ba tukuna, amma ya riƙe yadi da hagu ya yanka da dama, kuma layin ya tafi sak. Ya ce ka turo awonka, rigarka ce farkon abin da zai ɗinka.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa min kan 'yan biyu. Umma, Goggo da Kawu duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka