Gwaggo Hassu da Ranar Kasuwa

Daga Gazawa, zuwa ga Yayana Mamman a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ina aiki, ina iyali? Mu nan lafiya lau, yarana na lakol, wato makaranta, suna ta koyon waƙar sabuwar tuta.

Yaya, mun daɗe muna zaton Gwaggo Hassu tana samun kulawa a Agiye, gidan Illa ɗan mijinta. Ai kullum ranar kasuwa muke zuwa, mu iske ta a bakin ƙofa, an yi mata wanka, an ɗaura mata zane mai kyau.

Da hutun bikin 'yancin kai, na je ban aika musu ina zuwa ba. Na iske ƙyauren ɗakinta ɗaure da igiya ta waje, ƙwaryarta ta bushe ƙayau. Ka san idonta ya tafi. Ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗan nan, yau kasuwa ce? Za a ba ni ruwa?"

Illa ya shigo, ko gaisuwa babu. Ya ce tun da jaririnsu ya rasu unguwa ke kiranta mayya. "Ni dai in wani abu ya same ta, ba ruwana."

Ina so in ɗauko ta, amma kai ne babba, ba zai ba ni ita ba sai da bakinka. Ka gaida uwargidanka Yaya Rabi, ku sa Gwaggo a addu'a. Ka zo ka gani da idonka, kada ka aika, kuma kada ka zo ranar kasuwa.

Ƙanenka,
Sani