Jan da Ke Gindin Tankin Kawu

Ƙarfi, Asabar

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya Funtua, ya aikin injiniya?

Na ce ki duba mini ƙarafan da muka ɗora tankin rijiyar burtsatse a kai kafin mu cika shi. Sai ga hoto kin turo wayar ƙanwarki Sa'adiya, ƙarafan sun lanƙwashe kamar masu ruku'u. Na bar abinci na fita da gudu, na tarar da su tsaye ƙyam! Haba Fiddausi, da hawan jinina? Ita kwamfutar taku ta taɓa zuwa Ƙarfi? Inna ma dariya ta yi, don yanzu a inuwar tankin take shimfiɗa tabarma tana ɓarar masara.

Ki gaida maigidanki.
Kawunki, Alhaji Maiwada

Funtua, Litinin

Kawu, Allah ya ƙara girma,

Ina gaisuwa. Na kira wayarka har na gaji, kullum a kashe, ta Sa'adiya ma yanzu ba ta shiga, shi ya sa na ba direban mota wannan takarda.

Ban ce sun lanƙwashe ba. Awon da kuka aiko na zuba a manhaja, na ɗora musu nauyin cikakken tanki, ita kuma ta zuzuta lanƙwasar don ido ya gani. Launi za ka duba. Shuɗi lafiya lau. Ja kuwa nan ƙarfe ke shan wahala, kuma jan yana gindin ƙafafu biyu na gabas. A kai wa mai walda hoton ya ƙara ƙarfe a wurin. Kafin nan kada a zuba ruwa, kuma don Allah a tashi Inna daga wurin.

'Yarka, Fiddausi

Ƙarfi, Laraba

Fiddausi,

Bayan gaisuwa. To, an yi yadda kika ce, sai ki bar ni in huta. Na sa an buga hoton a wani shago a Malumfashi, na kai wa Chidi mai walda. Ya ce shi bai ga ja ba. Na ce ya bi inda ya fi duhu mana, ai nan ciwon yake. Ya lafta ƙarfe a sama, kusa da tankin, abin gwanin kyau. Ya so ya kira ki, na ce ba sai an dame ki ba. Jumma'a za mu cika.

Inna kuwa, ke zo ki tashe ta. Ni da ta haifa ban isa ba.

Kawunki

Funtua, Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa, amma wallahi raina a ɓace yake. Baƙi-da-fari aka buga muku! A irin wannan takarda ja da shuɗi duk duhu suke fitowa, shuɗin ma ya fi. Wurin da ba ya ciwo kuka yi wa magani, kuka ƙara wa ƙafafun kaya a ka. Na rubuta gindi, na rubuta gabas, Kawu, ka karanta kuwa? Ni ma da na sani da kibiya na zana, ban bar ku da launi ba. Kada a kunna injin ruwan. Ko ɗaukar Inna za a yi cak, a ɗauke ta. Tsoro nake ji.

'Yarka

Ƙarfi, Jumma'a

Fiddausi,

Takardarki ta iso ruwa ya kai rabi. Ina cikin karantawa ƙafar gabas ta yi ƙara. Ni na sungumi Inna, da girmana, tana dukana da totuwar masara. Mun juye ruwan a gonar tumatir. Yanzu ƙarafan sun yi kama da hotonki.

Inna ba ta yi mini magana. Ki zo gobe da jan fenti, ki shafa a jikin ƙarfen da hannunki.

Kawunki