Rasuwar Babbar Sista da Kujerar da Ta Bari

Cikin alhini da sanyin jiki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai rayawa Mai kashewa, Majalisar Amintattu da ɗaukacin ma'aikata da iyalan majinyata na Cibiyar Ƙofa Ɗaya suna sanar da jama'a rasuwar uwarmu, jagorarmu, wadda ta aza harsashin wannan cibiya, Hajiya Babbar Sista, tsohuwar Shugabar Ma'aikatan Jinya ta Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda Allah ya karɓi abinsa da hantsin ranar Talata tana zaune a kan kujerarta ta aiki, tabarau a kan hanci, tana jiran a shigo mata da majinyaci na gaba. Mai kiran layi ya leƙa ya ɗauka gyangyaɗi ne ya sace ta, sai ya ja mata ƙofa a hankali don kada ya tashe ta.

Wanda bai ga yadda ginin nan yake a da ba, ba zai san girman wannan rashi ba. Ƙofa biyu ce da bango a tsakani: ta dama ta masu shaye-shaye, ta hagu ta masu taɓin hankali. Idan uwa ta jawo ɗanta yana surutu shi kaɗai, bakinsa na warin maganin tari, 'yan hagu su ce a kai shi dama ya daina sha tukuna, 'yan dama su dube shi sama da ƙasa su ce wannan ai kansa ne ya taɓu, a mayar da shi hagu. Haka za a wuni ana jifa da shi kamar ƙwallo har a tashi aiki, uwar ta koma gida da shi yadda ta zo da shi. Ƙanen mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka ƙarar da takalmi tsakanin ƙofofin nan biyu. Marigayiya ta yi ta sintiri a ofishin mahukunta har suka gaji da ganin fuskarta suka ce ta je ta yi yadda ta ga dama, washegari kuwa sai ga ta da magina. Aka rushe bangon, aka toshe ƙofa ɗaya da bulo, har yau shatinta yana nan a ƙarƙashin fenti. Ta zaunar da likitan ƙwaƙwalwa da mai ba da shawara kan shaye-shaye a ɗaki ɗaya, majinyaci ya gan su rana ɗaya da kati ɗaya. Takan ce ita ba ta iya jinyar rabin mutum ba, domin wanda yake sha don ya kashe muryar da ke cikin kansa, in ka ƙwace kwalbar ka bar shi da muryar, azaba ka ƙara masa.

Duk wanda ya taɓa shiga ofishinta ya san kujera uku ce a ciki: tata, ta majinyaci, da wata fara ta roba wadda ba a yarda kowa ya zauna a kai ba, ko da Mai Girma Shugaban Majalisar Amintattu ne, wanda ya taɓa gwadawa sau ɗaya ya sha kallon da bai ƙara ba. Kujerar ta baƙon da majinyaci ya zo da shi ce, ko muryar ce ko ƙishin ƙwayar. Marigayiya takan gaida majinyaci, sannan ta juya ta gaida kujerar da ladabi, ta tambaya me baƙon ya ce yau, da wane zagi ya tashe shi, me ya tura shi ya saya. Sababbin ma'aikata tsigar jikinsu kan tashi. Amma mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye abin da yake ji don tsoron a ɗaure shi, sai ga shi yana nuna kujera da yatsa yana kai ƙararta. Ranar da majinyaci ya duba ya ce babu kowa a kai, takan sa shi ya ɗaga ta da hannunsa ya jingina da bango, ta ce baƙo ya tafi, amma ba za ta ce Allah ya raka taki gona ba, don ta san yana iya dawowa. In ya dawo kuwa babu faɗa babu gori, sai a sake sauke kujerar a ci gaba.

Cibiya ta ji maganganun da ke yawo tun bayan jana'iza, kuma ta ga ya dace ta faɗi iya abin da ta sani. Gaskiya ne mai shara tana jingine farar kujerar da bango kullum in an tashi aiki, kuma gaskiya ne tana tarar da ita da safe a sauke a wurinta, sai dai yanzu ba kujerar majinyaci take fuskanta ba, ƙofa take kallo. Makullin ofishin yana hannun Sakataren Cibiya shi kaɗai. An canja kwaɗo, abin bai canja zani ba. Gaskiya ne kuma wasu majinyata da ba su san juna ba sun ce da rana tsaka, lokacin da baranda ke yin tsit, sun ji an kira su da irin jan muryar nan tata. Likitocinmu masu daraja sun yi bayanin cewa baƙin ciki yana yin haka, kuma Cibiya ta karɓi wannan bayani da hannu biyu. Mai shara dai ba majinyaciya ba ce, kuma ta roƙi a mayar da ita sashen wanki.

Abin da ya hana mu sukuni ba kujera ba ne, mutum ne. Da izinin mahaifiyarsa muke ambaton ɗanmu tela, wanda marigayiya ke tsokana da suna Angon Keke saboda ya ƙi aure ya tare a gindin keken ɗinki. Shekara da shekaru wata murya tana zaginsa, yana ɗura maganin tari don ta yi shiru, har marigayiya ta riƙe shi a kan magani da shawara tare, ya koma shagonsa, ya ɗinka labulen da ke rataye a tagoginmu, ya jingine kujerar nan da hannunsa yana dariya. Shi ne majinyacin da take jira ranar Talata. Ya zauna a kan benci da katinsa har rana ta take, yana jiran a kira shi. Tun daga ranar bai buɗe shago ba, yadin da ya fara ɗinkawa yana nan ƙarƙashin allura. Ya gaya wa mahaifiyarsa cewa murya ta dawo, amma ba ta da ba ce, ta Sista ce, kuma shi ya san aikin maganinsa sarai, rufe bakin murya yake yi, don haka ba zai sha ba, ba shi zai rufe wa Sista baki ba. Yana fita da safe ba a san inda yake wuni ba, kuma tsohuwar tasa ta tsinci kwalba a aljihun rigarsa. Da ta tambaye shi me Sistar ke cewa, ya ce magana ɗaya ce tun safe har yamma, wai Angon Keke, ka sha maganinka.

Majalisar Amintattu tana miƙa ta'aziyyarta ga Alhaji maigidan marigayiya, da 'ya'yanta da jikokinta da 'yan'uwanta, waɗanda suka yi haƙurin raba ta da mu tsawon shekaru, suka saba cin abinci ya huce suna jiranta. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa hutawa ta yi ta gaske.

Daga ƙarshe, Cibiya tana roƙon duk wanda ya ga wani dogon saurayi da igiyar awo a wuya yana tafe yana sauraro, kada a ɗaure shi, kada a kore shi, kada a yi masa dariya, a karanta masa wannan kawai. Ɗanmu, ba mu da hurumin cewa muryar wace ce. In ciwon ne, maganinsa yana nan. In kuma ita ce, to ta fi ka sanin abin da maganin zai yi mata, kuma duk da haka take faɗa maka ka sha, kai kuwa ba ka taɓa bari ta maimaita maka magana ba. Layinka yana nan, ba a ba kowa ba. Mun umarci kowa ya daina taɓa kujerar. Za ta zauna a nan tana kallon ƙofa, sai ka zo ka ɗaga ta da hannunka.

Sa hannu:
Malam Kakaki,
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Wakilin Iyalan Majinyata,
a madadin Majalisar Amintattu ta Cibiyar Ƙofa Ɗaya.