A Buɗe Shagon Hulunanmu Kafin Sallah

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da 'Yan Kasuwa,
na kasuwar intanet ɗin da nake sayar da huluna a cikinta.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da na'urorinku, ina farin cikin sanar da kai wani babban al'amari da ya auku a garin Gwandu: gidanmu ya samu lamba. Kakana ne ya gina gidan nan, a cikinsa aka haifi mahaifina, aka haife ni. Baƙi sun sha zuwa daga Sakkwato da Yawuri, babu wanda ya taɓa ɓacewa. Sai da manhajarku ta nemi adireshin da za a riƙa mayar mini da kaya muka gane ashe duk shekarun nan ba a ko'ina muke zaune ba. Na rubuta mata cewa gidan da ke da durumi a ƙofa ne, bayan masallacin unguwa, ta yi ja ta ce lamba take so. Na sayi fenti na rubuta 14 a jikin ƙofa. Babu 13, babu 15. Maƙwabta sun shigo sun yi mini murna.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare, na haura hamsin. Hulunan da ke shagona ba ni nake ɗinka su ba. Mata ne a Dalijan da Maruda, matan makiyaya da manoma, suke zama da allura da zare idan sun gama aikin gida, hula ɗaya takan ci musu wata guda ko fiye. Ni nawa in kai zare, in karɓo hula, in kai wanki, in ɗauki hoto in sa a kasuwarku. Babbarsu ita ce Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ita ke raba aiki, ita ke duba ɗinki. Yanzu kun kulle shagon, ga Babbar Sallah ta ƙarato, kuma a nan ne cinikin hula na shekara yake. Na kira lambarku, kiɗa ake sa mini har katina ya ƙare. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani da ya san ku zai karanta muku.

Na farko. Kun kafa doka cewa duk ƙunshin da zan aika sai na sa takardar mayar da kaya a ciki, wadda na riga na biya kuɗinta, domin idan mai saye bai so ba ya manna ta a kwali ya miƙa, ba tare da ya kashe ko sisi ba. A wurinmu wannan tamkar ka tarbi baƙo ne da ruwan sha a hannun dama, kuɗin motar komawa a hannun hagu. Da na yi wa Gwaggo Hajo bayani, sai ta tambaye ni ko mutanen can ba su san girman kawunansu ba ne. Amma doka doka ce, na bi.

Na biyu. Taswirarku ta yanke hukunci cewa wakilinku mai karɓar kaya mafi kusa da ni yana Kalgo. Na yi imani tsuntsu ne ya auna muku. Ni da ba ni da fiffike, sai na hau kabu-kabu zuwa tasha, in jira mota ta cika zuwa Birnin Kebbi, in sauka in nemi ta Kalgo. A can nake buga takardun ma, domin injin bugawar da ke kusa da ni a Gwandu tawadarsa ta sha ruwa, layukan nan baƙaƙe na jikin takardar, masu kama da bayan jakin dawa, sukan fito toka-toka, na'urar wakilinku kuma ba ta karanta toka-toka. Ranar Asabar ɗina ke nan duk mako. Dā karatu nake yi a ranar, yanzu na haddace ramukan hanya.

Kafin ku zo, direba muke ba kaya a tasha, a rubuta lambar waya a jikin kwali, shi ke nan. Idan hula ta yi wa mutum kaɗan ya kira, mu gaisa, in tambayi iyalinsa, in aika masa wata. Ban ce tsarinmu ya fi naku ba, na dai ce a cikinsa akwai wanda ake kira ya ɗauka.

Na uku. Tun da takardar nan ta shigo, na lura wasu huluna sukan tafi ana gab da ƙarshen mako su dawo bayansa, suna ƙamshin turaren da ba nawa ba, da zoben gumi a bakinsu. Dalilin da ake rubutawa kullum ɗaya ne: ba ta yi daidai ba. Wani bawan Allah har hotonsa ya sa a shafinku, sanye da kuben Gwaggo Hajo a wurin ɗaurin aure, ta zauna masa ɗas, ya ba ni tauraro biyar, sannan ya mayar da ita da kuɗina. Ban san shagon haya na buɗe ba. Irin waɗannan ba na nuna wa matan. Nakan sake kai su wanki in yi shiru, domin a wurinsu hular da aka dawo da ita zagi ce.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A watan jiya na yi cinikin huluna ashirin. Na biya kuɗin takarda ashirin, naira dubu huɗu kowacce, kun cire daga asusuna nan take, a wannan kam ba ku taɓa jinkiri ba. Da na isa Kalgo sabis ya ɗauke, takarda ɗaya ce kawai ta buɗe a wayata. Na duba ta: sunana ne, adireshina ne, ga lambar gidana sabuwa fil. Sauran ma abin da za su faɗa ke nan. Sai na buga ta, na yi fotokwafi goma sha tara, na sa kowacce a ƙunshinta. Ranka ya daɗe, da fotokwafi aka ɗauke ni aiki, da fotokwafi aka ƙara mini girma, ban taɓa shiga ofishin da aka raina shi ba. Mutum uku suka mayar da huluna. Ta farko ta iso. Biyu suna can a wani ɗakin ajiyarku da ban san garinsa ba. Washegari na tarar an kulle shagona, da saƙo cewa ana zargina da zamba.

Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Mutumin da ya biya ashirin ya yi amfani da ashirin, ina zambar take? Na je Dalijan na tara matan na gaya musu laifin injinku ne, wanda bai san mutunci ba. Gwaggo Hajo dai ta ci gaba da aiko da huluna. Suna nan jere a kan gadon ɗakin baƙi. Wasu daga cikin matan da wannan cinikin suke yi wa yara ɗinkin Sallah, kuma tela ba ya jiran wanda ya makara.

Saboda haka ina roƙo:

Ɗaya, a buɗe shagon kafin Sallah. Idan sauran sun yi muku nauyi, wannan kaɗai ya ishe ni.

Biyu, a nemo hulunan nan biyu a aiko da su, ko ta hannun direba ne.

Uku, hular da aka sa aka je biki, wanda ya sa ta ya biya kuɗin dawowarta.

Huɗu, a samar mana wakili a Gwandu, ko a bar mu mu nuna takardar a waya ba sai an buga ba.

Biyar, a ajiye mutum ɗaya mai rai kusa da wayarku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci kasuwarku, ya raba ka da jiran mota ta cika. Allah ya sa mu ga Sallah lafiya.

Wassalam.

Malam Bello mai huluna,
Gwandu, Jihar Kebbi.

Ƙarin bayani: Da na zo haɗa hujjojin da zan aiko muku, na buɗe sauran takardun goma sha tara, na sa tabarau. Kowacce da lambarta daban a ƙarƙashin layukan. A batu na huɗu ni ne da kuskure, na janye shi, ban da roƙon buɗe shago. Gobe zan je Dalijan in faɗa wa Gwaggo Hajo da bakina.