Gyaran Inna

Alhamis, 1 ga Agusta, 2024

Awa goma sha biyu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na dawo na tarar Inna ta haɗa akwatinta. Wata takwas da na ɗauko ta daga Maraɗi, kullum tana bakin taga. Ta ce ƙarshen Satumba za ta koma. Wa zai duba mata sugan a can? Gidan ba kowa sai ƙadangaru. Ba na so ta tafi, amma ban da ƙarfin roƙo.

Asabar, 3 ga Agusta

An buɗe sabuwar kasuwar abinci a filin ajiye motoci, nan bayanmu a Takoma Park, Amurka, duk Asabar. Barci nake so, amma na ja ta muka je. Rumfuna wajen ashirin, tumatir, masara, zuma, wani na gasa kaji. Sai ga kuɓewa ɗanya a teburin wata Baturiya manomiya, Abby. Inna ta karya bakin ɗaya ta ji taushi. Muka saya, aka zuba a leda. Ita kuwa ta tsaya, ta buɗe bakin ledar tana jiran gyara. Mutane a layi bayanmu! Abby na ta murmushi, ba ta gane ba. Na ja hannun Inna da ƙarfi. A hanya na ce, Inna, nan ba Maraɗi ba ne, kin ba ni kunya. 

Lahadi, 4 ga Agusta

Ba ta ci tuwon ba. Ni da bakina, kai.

Asabar, 10 ga Agusta

Ina wurin aiki. Zahra, 'yata, ta raka ta, wai ita Innar ce ta nema. Da Abby ta tambayi abin da tsohuwa ke jira, Zahra ta bayyana mata da Turanci: a wurinmu mai saye ba ya tashi sai an ɗan ƙara masa, alamar ana so ya dawo. Wai matar ta yi dariya ta cika hannu biyu ta zuba.

Asabar, 24 ga Agusta

Na gaji, wallahi na gaji. Amma na je. Inna ta dafa miyar kuɓewa ta kai wa Abby a kwano, ta ce wanda ya yi maka gyara ba a zuwa masa hannu rabbana. Ba mai jin yaren wani, suna ta hira da hannu. An ba ta kujera a bayan tebur, tana tsince kuɓewar da ta tsufa. Ni ce na tsaya a gefe kamar baƙuwa.

Laraba, 4 ga Satumba

Akwatin na nan bakin ƙofa. Ban tambaya ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Na farka na ga baranda shimfiɗe da yankakkiyar kuɓewa a kan tsohon zani. Na ce Inna, duk wannan fa? Ta ce ta lokacin sanyi ce, kasuwa za ta tashi a Nuwamba, me za mu ci. Za mu ci, ta ce, har da ita. Na shige kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya.

Ɗazu ni na karɓi ledar a wurin Abby. Ban ɗaure bakinta da wuri ba. Hannuna ne ya gaji, ina jin.